Malamar da Ta Kai Ajinta Gona: Muna Tunawa da Wangari Maathai



Duk wanda ya taɓa jin sunan Wangari Maathai a cikinmu, da wuya bai ji shi tare da abu biyu ba: bishiya da kyautar Nobel. Haka ne kuwa. Ita ce mace ta farko daga Afirka da ta karɓi Nobel ta zaman lafiya, a 2004, kuma kafin wannan shekarar ƙungiyar da ta kafa ta riga ta dasa bishiya wajen miliyan 30 a Kenya. Amma yau malamar muke so mu tuna. Kafin duniya ta san sunanta, ta yi shekara goma sha biyar da 'yan kai a Jami'ar Nairobi tana bincike, tana koya wa ɗalibai yadda jikin dabba yake daga ciki. Da ta bar jami'a ma koyarwar ba ta tsaya ba, ɗaliban ne kawai suka canja. Yawancinmu 'yan makaranta ne, waɗansu sun gama suna koyarwa, waɗansu kuma takardarsu tana cikin akwati suna jiran aiki. Shi ya sa labarinta ya tsaya mana a rai.

An haife ta ranar 1 ga Afrilu, 1940, a ƙauyen Ihithe kusa da Nyeri, cikin tuddan tsakiyar Kenya. 'Yar ƙabilar Kikuyu ce. Mahaifinta direba ne kuma makanike a gonar wani Bature a wajen Nakuru. A zamanin nan ba kasafai ake sa 'ya mace a makaranta ba, ita ma da a gida za ta zauna tana taya mahaifiyarta noma da ɗiban ruwa. Sai wata rana yayanta Nderitu, wanda shi yana zuwa makaranta, ya tambayi mahaifiyarsu dalilin da ya sa Wangari ba ta zuwa kamar su. Uwar ta duba ba ta ga dalili ba, sai aka sa ta. Tana da kamar shekara takwas a lokacin.

Mun daɗe muna juya wannan a zuciya, musamman mu samari. Ba taro aka kira ba, ba wata hukuma ce ta zo da shiri ba. Yaro ne ya buɗe baki a cikin gidansu a kan ƙanwarsa, uwa kuma ta saurara. Akwai gidaje da yawa da muka sani inda ba a taɓa yin wannan tambayar ba har yau, alhali akwai yayye maza a cikinsu.

Tana da shekara goma sha ɗaya ta shiga makarantar kwana ta St. Cecilia a mishan ɗin Katolika na Mathari, inda sistoci ke koyarwa. A can ta zama 'yar Katolika. A can kuma ta ɗanɗana wani abin da ba ta manta ba: duk ɗalibar da aka kama tana magana da harshen gidansu maimakon Turanci sai an rataya mata alamar kunya, a hukunta ta. Waɗanda a cikinmu suka yi makarantar da ake cin tarar mai yin Hausa ko yarensu a aji sun san irin wannan zafin. Mu riƙe wannan, gama zai sake fitowa a gaba.

Daga nan ta wuce sakandaren Loreto a Limuru. Wata sista mai koyar da kimiyya ta lura da ita, takan kira ta bayan an tashi ta taya ta wanke kwalaben gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, suna aiki suna hira. Wangari da kanta ta ce a nan son kimiyya ya shige ta. Ga shi dai wanke-wanke ne, amma malama ce ta ba yarinya lokacinta. A 1960 tana cikin ɗaliban Kenya wajen 300 da aka kai Amurka karatu. Ta yi digirin farko a ilimin halittu a kwalejin Mount St. Scholastica da ke Kansas a 1964, ta yi na biyu a Jami'ar Pittsburgh a 1966.

Ta dawo gida da takardar ɗaukar aiki a hannu, ta je ta tarar an ba wani gurbin. Ita dai ta ɗauka ƙabilanci ne da kasancewarta mace. Ta yi wata biyu tana yawon neman aiki kafin wani Bajamushe, Farfesa Reinhold Hofmann, ya ɗauke ta a sabon sashen nazarin ƙirar jikin dabbobi na makarantar likitancin dabbobi. Ta yi wani ɓangare na bincikenta a Jamus, a 1971 kuma ta sami digirin digirgir a Jami'ar Nairobi da bincike a kan yadda gaɓoɓin haihuwa ke samuwa a jikin shanu. Ita ce mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta kai wannan matakin. A 1976 ta zama shugabar sashen, a 1977 mataimakiyar farfesa. A tsakanin nan ita da abokiyar aikinta Vertistine Mbaya sun yi ta fama da hukumar jami'a, domin malamai mata ba sa samun haƙƙoƙin da ake ba takwarorinsu maza alhali aiki ɗaya suke yi.

To, ga inda muke so mu ɗan zauna.

A shekarun 1970 tana bincike a kan wani zazzaɓin shanu da kaska ke yaɗawa a gabashin Afirka. Aikin ya sa tana shiga ƙauyuka tana cire kaska daga jikin shanu domin ta kai ɗakin gwaji. Kaska aka aike ta dubawa. Amma tana dubawa sai idonta ya kai kan saniyar kanta: a rame take, ana ƙirga haƙarƙarinta. Ta ɗaga kai ta ga ciyawa ta yi ƙaranci. Idan aka yi ruwa, rafukan da ta sani garau tun tana yarinya sai su gangaro jawur da laka. Ta haɗa wannan da wancan ta gane cewa abin da ya fi kaska barazana ga shanun nan shi ne yunwa, yunwar kuwa daga lalacewar ƙasa take.

Bayanin ba shi da wuya. Inda akwai daji, ganye yana tare ƙarfin ruwan sama, busasshen ganyen da ke ƙasa yana riƙe shi, saiwa tana ɗaure ƙasa, ruwan sai ya nutse a hankali ya riƙa fitowa a maɓuɓɓuga har cikin rani. Idan aka sare dajin, ruwan yakan bugi ƙasa tsirara ya kwashe ta saman, wadda ita ce mai taki, ya zuba a rafi. Damina ambaliya, rani ƙishirwa. A Kenya tun zamanin mulkin mallaka aka yi ta sare dazuzzukan asali ana maye gurbinsu da itatuwan ƙetare na katako, ana kuma mai da gonakin abinci na ganyen shayi da kofi domin sayarwa waje.

Abin da ya burge mu shi ne, da ta ƙare aikin kaskarta ta rubuta rahoto ta koma ofis, ba wanda zai ce ta yi laifi. An koya mata duba ƙaramin abu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ita kuwa ta yarda ta ɗaga kai ta dubi abin da ba ya cikin takardar aikinta. A ganinmu wannan shi ne bambancin mai ilimi da mai takardar shaida.

A daidai lokacin tana cikin Majalisar Matan Kenya ta Ƙasa. A tarurrukan majalisar matan karkara suka riƙa kawo kuka iri ɗaya: itacen girki ya yi nisa, ruwa ya yi nisa, yara suna ramewa. Har ma da yake itace ya yi wuya, waɗansu sun bar dafa abincin gargajiya mai daɗewa a wuta sun koma wa mai saurin dahuwa, wanda bai kai shi gina jiki ba. Duk wanda mahaifiyarsa ta taɓa girki a murhu ya san lissafin nan ba sai an koya masa ba. Wangari ta ga cewa kukan matan da ramar shanun tushensu ɗaya, amsarta kuma gajeriya ce: a dasa bishiya. Bishiya za ta ba da itace, da inuwa, da 'ya'ya, da abin shinge, ta kuma riƙe ƙasa.

Gwajinta na farko bai yi nasara ba. Ta kafa wani ɗan kamfani mai suna Envirocare domin marasa aikin yi su riƙa dasa itatuwa, kuɗi ya ƙare, kamfanin ya mutu. Sai ranar 5 ga Yuni, 1977, Ranar Muhalli ta Duniya, ita da matan majalisar suka yi tattaki zuwa filin Kamukunji a Nairobi suka dasa bishiya bakwai. Biyu ne kawai suka rayu. Daga nan ƙungiyar Green Belt ta samo asali, wato ɗamarar itatuwa, saboda a jere ake dasa su kamar an ɗaura wa gona ɗamara.

Da farko sun dogara da ma'aikatar gandun daji. Ta gaya wa babban jami'in ma'aikatar cewa burinsu bishiya miliyan 15, ɗaya a kan kowane ɗan Kenya na lokacin. Ya yi alkawarin ba su dashe kyauta iya yadda suke so, da alama bai zaci abin zai yi nisa ba. Ba a daɗe ba buƙatar ta fi ƙarfin abin da zai iya bayarwa kyauta. Dole matan su koyi renon dashe da kansu. Aka kawo malaman daji su koya musu, su kuwa suka zo da abin da aka koya musu a kwaleji: nau'in ƙasa, awon tsakuwa da yashi, kalmomin da macen da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta kama ba. Waɗansunsu ma sun ce wannan aikin masu takarda ne.

A nan malamar ta nuna kanta. Ita da ke da digiri uku, ita ce ta ce wa matan su ajiye tsoro. Ai kun saba shuka masara da wake, in ji ta, irin bishiya ma iri ne. Ku je ku tsinto irin itatuwan da ke tsirowa a yankinku, ku shuka, ku lura da abin da ya fito. Matan suka yi haka. Suka yi amfani da fasassun tukwane da tsofaffin gwangwanaye, suka ɗora dashen a kan dakali don kada kaji da awaki su cinye, suka huda gwangwani ya zama abin ban ruwa. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta. Wangari takan kira su malaman daji marasa takardar shaida, da alfahari take faɗa. Ƙungiyar kuma tana biyan mace ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace bishiyar da ta rayu bayan an dasa, ba a kan wadda aka dasa kawai ba. Wannan dabara ce ta mai ilimin kimiyya: abin da ya rayu shi ake ƙirgawa. Mu da muka saba ganin bikin dashen itatuwa ana ɗaukar hoto, bayan wata biyu akuya ta gama da su, mun san amfanin wannan sharaɗin.

Kada mu ɗauka ta raina ilimin boko ne. Ilimin ne ya sa ta nace a kan itatuwan asali, shi ne ya sa ta san abin da saiwa ke yi wa ƙasa. Abin da ta ƙi shi ne a mai da ilimi katanga. Malami yakan iya magana yadda ɗalibi zai fita yana cewa, kai, malamin nan ya sani. Yakan kuma iya magana yadda ɗalibi zai fita yana cewa, ashe ni ma zan iya. Mu da ke koyar da yara a makarantar Lahadi ko a firamare mun san wanne ya fi sauƙi, mun kuma san wanne ya fi daɗi ga girman kanmu.

Da tafiya ta yi nisa ƙungiyar ta fara shirya tarurrukan wayar da kai. Akan tambayi mutane su lissafa matsalolinsu, su lissafa da yawa, sannan a tambaye su daga ina matsalolin suka fito. Kusan kowa sai ya ce gwamnati. Wangari ba ta wanke gwamnati, amma takan sa su raba: wanne ne na gwamnati, wanne ne namu? Wa ya hana ka yi wa gonarka kunya a kan gangare don kada ruwa ya kwashe ta? Wa ya sayar da ƙuri'arsa? Takan ba su misalin mutumin da ya hau motar da ba ta zuwa garinsu, ta tambaye su me ya sa ya hau, me kuma zai yi yanzu da ya gane. Tana kuma son a yi waɗannan tarurruka da harshen mutanen. Yarinyar da aka hukunta don ta yi Kikuyu a makaranta, ta dawo da digirin digirgir tana koyarwa da Kikuyu.

Akwai wani ɓangare na koyarwarta da ya shafe mu kai tsaye, ba kuma mai daɗin ji ba ne. Kusa da gidansu tana yarinya akwai wani babban ɓaure, a kusa da shi kuma rafin da take ɗiban ruwa, tana wasa da ƙwan kwaɗi da talibambam. Mahaifiyarta ta hana ta ɗiban itace a gindinsa, ta ce bishiyar Allah ce. Kikuyu suna girmama ɓaure, a gindinsa kakanninsu ke yin addu'a. Da ta dawo bayan shekaru ta tarar an sare shi an shuka ganyen shayi a wurin, rafin kuma ya ƙafe. A matsayinta na masaniyar halittu ta bayyana cewa saiwar irin wannan ɓaure tana nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe gangare, tana kuma taimaka wa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sami hanyar fitowa. Ta faɗa a fili cewa sa'ad da mutanenta suka karɓi bangaskiyar Kirista, an koya wa da yawa su ɗauki duk abin da kakanni suka girmama a matsayin duhu, da tsoron ya tafi kuma sai gatari ya shigo.

Mu ba ma yi wa bishiya sujada, ba kuma abin da ta nema ke nan ba. Amma tambayar da ta bari tana da nauyi: idan aka cire wa mutum tsoron kurmi, da me aka maye gurbinsa? Ita da Littafi Mai Tsarki take amsawa. Takan kai masu sauraronta ga surorin farko na Littafin Farawa, inda aka sa mutum a gona domin ya kula da ita. Takan tuna musu cikin raha cewa mutum ne aka halitta a ƙarshe, bayan ruwa da tsiro da dabba, da kuwa da shi aka fara da bai kai ƙarshen mako ba. Sauran halitta za ta rayu ba mu, mu ne ba za mu rayu ba ita ba. Ta kuma roƙi ikilisiyoyin Kenya su mai da Litinin ɗin Ista ranar dashen itatuwa, tun da sai da aka sare bishiya kafin a yi gicciye. Mun ga wannan tunani ya cancanci a kai shi gaban shugabannin zumunta.

Abin ya ci mata tsada, ba za mu ɓoye ba. Aurenta ya mutu a 1979, tana da 'ya'ya uku. Da ta soki alƙalin da ya yi shari'ar a wata hira, aka yanke mata wata shida a kurkuku, ta yi kwana uku aka sake ta. A 1982 ta ajiye aikin jami'a domin ta tsaya takarar majalisa, aka hana ta tsayawa, jami'ar kuma ta ƙi mayar da ita, aka fitar da ita daga gidan malamai. Tana da shekara 41, ba aiki, ba gida. A 1989 ta yi adawa da gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru da ke tsakiyar Nairobi. 'Yan majalisa suka yi mata ba'a, Shugaba Daniel arap Moi da kansa ya ce kamata ya yi ta zama macen kirki ta girmama maza ta yi shiru. Aka kori ƙungiyarta daga ofis, ta mai da gidanta ofis. Masu ba da kuɗi daga waje suka janye, benen bai tashi ba, filin yana nan har yau. A 1992 ta zauna tare da iyaye mata masu yajin cin abinci a wannan filin domin a saki 'ya'yansu fursunonin siyasa, 'yan sanda suka doke ta har ta suma. A Janairun 1999 aka fasa mata kai a dajin Karura, inda ta je dasa bishiya a filin gwamnati da ake rabawa a ɓoye.

Sai a 2002 iska ta juya. Mazaɓar Tetu ta zaɓe ta da kashi 98 cikin ɗari na ƙuri'u, ta zama mataimakiyar ministan muhalli. Ranar 8 ga Oktoba, 2004, tana kan hanyar zuwa mazaɓarta labarin Nobel ya same ta. Ta tsaya a Nyeri ta durƙusa ta dasa bishiya tana fuskantar Dutsen Kenya. Waɗansu sun yi gunaguni a lokacin, wai me ya haɗa bishiya da zaman lafiya. Mu da muka san abin da rigimar ruwa da makiyaya da gona take jawowa ba mu buƙaci a yi mana bayani ba.

Kafin ta rasu, Jami'ar Nairobi ta buɗe cibiyar nazarin zaman lafiya da muhalli da sunanta, burinta kuwa shi ne ɗalibai su riƙa fita daga aji suna koyo a wurin mutanen karkara. 'Yarta Wanjira ta shugabanci hukumar ƙungiyar Green Belt bayanta, tana kuma cikin aikin farfaɗo da dazuzzukan Afirka. Tarayyar Afirka ta sa ranar 3 ga Maris ta zama ranar tunawa da ita tare da Ranar Muhalli ta Afirka.

Ta rasu ranar 25 ga Satumba, 2011, a Nairobi, bayan fama da ciwon daji, tana da shekara 71. Gwamnati ta yi mata jana'izar ƙasa a filin Uhuru, daidai kusurwar da aka doke ta shekara goma sha tara da suka wuce. Ta bar wasiyya kada a sare bishiya saboda ita, don haka masaƙa suka saƙa akwatin gawarta da gora, da ciyawar bakin ruwa, da wata irin kainuwa da ke toshe Tafkin Victoria.